Ƙwan zabi da akwatin ƙyanƙyasa

Ƙanwata, tunda kin ce aikin da ya yi kyau a hannunki ya ƙi yi a hannun wani, bari in ba ki wani misali.

Akwai wata matashiya mai rubuta manhaja ta akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, irin mai aiki da sola. Manhajar tana zama a cikin wata 'yar na'ura da ba ta wuce kwalin ashana ba, ita ke kula da ɗumi, ita ke juya ƙwai. To, ashe manhaja kamar miya take, haɗa ta ake yi. Ɓangaren da ke juya ƙwai sai ya jingina da mai lura da lokaci, shi kuma mai lura da lokacin ba ya haɗuwa sai da sabon kayan haɗi, wato abin da kwamfuta ke harhaɗa manhaja da shi. Kwamfutar matashiyar nan kuwa ta daɗe a hannunta, ta zama kamar madafar tsohuwa, ba abin da za ka nema ka rasa. Tana dannawa komai ya haɗu, don haka bai taɓa zuwa mata a rai ta faɗi wane ne ke buƙatar wane ba. Sai ta aika da manhajar zuwa ga abokin aikinta da ke ƙera akwatunan a wani gari. Shi kwamfutarsa sabuwa ce fil, ba komai a ciki. Ya gwada haɗawa, ɓangaren juya ƙwai ya yi ta ƙorafi. Bawan Allah yana sauri, sai ya cire mai ƙorafin, saura suka haɗu lafiya, ya ɗura a akwati ya kai wa wata mai kiwon zabi. Kin san zabuwa da damina take ƙwai. Matar nan ta tara na bana kaf ta zuba a ciki, in suka lalace sai kuma baɗi.

Ba a jima ba matar ta bugo waya, ta ce, "'Yata, akwatinku akwai ɗumi, amma ƙwan nan ko motsi, kamar an aiko su zaman makoki." Matashiya ta roƙe ta ta sa wa kowane ƙwai alamar gawayi, ta riƙa juyawa da hannu kafin a gyara. Da farko ta so ta ɗora wa abokin aikin laifi. Sai ta ce bari dai, ta ari wata kwamfuta da ba a taɓa aikin da ita ba, ta gwada. Nan ma ya ƙi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, don yanzu ta gane. Ta zauna ta bi ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta sa ya ambaci wanda yake jingina da shi, yadda in an ɗauko shi zai jawo 'yan'uwansa. Ta kuma sa in kayan haɗin tsoho ne, aikin ya tsaya tun daga bakin ƙofa ya faɗi abin da ya rasa. Ta sake aikawa. Abokin aikin ya danna sau ɗaya, komai ya jawo kansa ya haɗu. Ya hau babur ya je ya ɗura, suna tsaye da mai zabi sai faifan ƙwan ya karkata a hankali shi kaɗai. Da kwanaki suka cika, mai zabi ta sake bugo waya. Sai ta kanga wayar a bakin akwati, matashiya tana jin tsiyau-tsiyau ɗin 'yan zabi kamar kasuwa ta ci. Biyu daga ciki aka aiko mata a kwando, suna nan suna yawo a tsakar gidansu.

Kin ga, ita kwamfutarta ta ƙoshi, ta manta ta wani ba ta sha ko ɗigo ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.