Babura Shida a Hanyar Randagi

Gatanan gatananku. Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Bakoji, sarkin noman wani ƙauye a Gayam, yana zaune ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi, sai hoto ya shigo wayarsa. Masu auna gonaki ne suka ɗauka daga sama da ƙaramin jirgin nan mara matuƙi, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya.

Ya buɗa hoton da yatsu biyu. A hanyar Randagi, daf da bakin daji, ga babura shida a jere, da tazara tsakaninsu. Kowane da buhu a baya, kowane mai shi yana tafe a ƙasa yana turawa.

Ya ɗingisa zuwa dandali, ya tara jama'a.

"'Yan bindiga ne! Sun kashe inji don kada a ji su. Kowa ya ɗaure kayansa!"

Ga masara ta nuna a gona, saura karya. Mata suka hau ɗaure tukwane suna kuka. Micah, makanikin ƙauyen, ya leƙa wayar, ya buɗe baki zai yi magana, Bakoji ya daka masa tsawa.

"Kai da gyaran babur ɗaya ya gagare ka, rufe mana baki!"

Kafin a watse, Malama Rosaline mai koyarwa a firamare ta kira ƙawarta Anita a waya, wadda ta sarrafa jirgin daga ƙasa, ta ƙara muryar wayar don kowa ya ji.

Anita ta ce, "Baba, ku ajiye kaya. Hoton nan ba a lokaci guda aka ɗauke shi ba. Na asalin yana da bayani a cikinsa, wai an fara da hantsi an gama da la'asar, ranar Talata. Turawar waya ce ta goge bayanin. Yanki-yanki jirgin ke ɗauka, mu haɗa. Abin da ke tafiya a hankali sai ya fito a kowane yanki, ɗaya ya zama kamar shida."

Bakoji ya dubi kumburarrun ƙafafunsa.

Micah ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ba Talatar nan ce ka turo mataccen babur ɗinka tun daga Randagi ba?"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone, masara kuwa ta shiga rumbu.