Guɗa Uku a Adjamé

Guɗa uku aka yi ranar da Maimunatu ta haihu, don haka duk gidan hayar nan na Adjamé ya san namiji aka samu. Da mace ce, da huɗu za a yi. Kowa ya yi murna ban da mai jegon, wadda ta buɗe zanen jaririn ta duba, ta mayar ta rufe, ta juya fuskarta bango.

Gobe suna. Mijinta Muhsin, mai sayar da wayoyi a Black Market, ya riga ya ɗaure rago a tsakar gida, ya zaɓi sunan mahaifinsa. Shi kuwa jaririn tun jiya yake amai, ya daina kama nono, maɗigarsa ta faɗa. Surukarta Hajiya Ladidi ta ce ai haka 'ya'yan fari suke, ita biyar ta rena. A ɗan asibitin unguwa ma, da surukar ta kai shi, ruwan magani suka ba ta, suka ce ta je gida.

Maimunatu ba ta yi musu da kowa ba. Ta haɗiye ƙwayoyinta na safe, waɗanda tun da aka kawo ta gidan ake kira maganin olsa, ta rungumi yaron cikin mayafi, ta sulale yayin da mata suka duƙufa kan suyar cincin. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, amma tsoron da ke cikinta ya fi ƙarfin al'ada.

A rediyo ta ji cewa yau Farfesa Abdulra'uf ke laccar ban kwana a babban asibitin Treichville. Shekara talatin ya yi yana binciken jariran da ake haifa halittarsu ba ta nuna namiji ko mace a sarari. Rubuce-rubucensa ne suka koya wa likitoci su auna gishirin jinin irin waɗannan yara, domin wasunsu gishirin jikinsu ke tsiyayewa har su mutu ana cewa amai ne kawai. Gobe zai tashi ƙasar waje wurin 'ya'yansa.

A shataletalen Indénié motoci suka cushe. Direban woro-woro, tasin da ta hau, ya kashe inji ya shiga zagin direbobin gbaka, ƙananan bas-bas na haya. Jaririn ya daina kuka ma, kuma wannan shirun ya fi kukan tayar mata da hankali. Wayarta ta yi ta ruri. Da ta ɗauka, inda za ta kawai ta gaya wa Muhsin, ta kashe.

A ƙofar zauren mai gadi ya tare ta. "Madame, pardon, sai mai katin gayyata."

Ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba, muryar Farfesa na fitowa ta lasifika. Yana ba da labarin jaririn da ya fara da shi: an raɗa masa sunan maza, aka kawo shi rai a hannun Allah, gwaji ya nuna mace ce. Ya rubuta wa iyayen maganin da za ta sha har ƙarshen rayuwarta. Surutun unguwa ya dame su, suka tattara suka ɓace da ita.

"Duk abin da na rubuta, daga wannan yarinyar ya taso," in ji shi. "Ban san ko tana raye ba, kuma abin yana damuna har yau."

Sai ga Muhsin ya diro daga babur yana haki. Ya riƙo hannunta, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a taru.

"Maimuna, lafiyarki kuwa? Jego kike, gida cike da baƙi. Me ya haɗa ɗana da taron likitoci?"

"Gishirinsa ke zuba. In mun koma gida ba zai ga suna ba."

"Ke likita ce? A ina kika taɓa jin wannan ciwo?"

Ta dube shi. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma tana son sa. Mahaifiyarta kafin ta rasu ta sa ta yi alkawarin ɓoye wata magana da ko miji ba zai ji ba, ita kuma ta riƙe. Ta taɓa kumatun jaririn, ta ji sun yi sanyi.

Ta fizge hannunta, ta bi ta ƙarƙashin damtsen mai gadi, ta ratsa tsakiyar zauren, Muhsin na biye da ita. Manyan likitoci suka waiwayo. Farfesa ya dakata, ya leƙo ta saman tabarau.

"Madame, sashen yara yana can baya."

"Layin can ba zai bar mini ita da rai ba, Farfesa. Guɗa uku aka yi mata, amma mace ce, kuma gishirinta ya kusa ƙarewa."

Tsohon ya sauko da sauri, ya karɓi jaririyar, ya duba, ya ɗaga murya a kawo ruwan gishiri da allura. Sannan ya juyo gare ta.

"'Yata, wa ya koya miki wannan?"

Maimunatu ta ji numfashin mijinta a bayan wuyanta, amma ba ta waiwaya ba.

"Kai ka rubuta mini maganin da nake sha, Farfesa. Ni ce jaririn nan da aka raɗa wa Jabiru."