Koren Hayaƙi a Gidan Tanimu

Tun da sanyi ya sauka a Zariya ya ƙi tafiya, kowane gida ya kafa murhun ɗumi irin na gwamnati. In ka ƙona busasshen itacen da gwamnati ke rabawa, hayaƙi fari zai fito. In ɗanye ne, sai ya fito kore shar, kowa ya san ka sari bishiya.

Ranar da surukar Tanimu ta zo, itacensa ya ƙare. Shi ne shugaban masu gadin bishiyoyin unguwa, amma ya faki ido ya datse reshen mangwaron masallaci. Ya hura mata wuta, ya hau rufi ya toshe bututun hayaƙin da tsumma.

Da la'asar matarsa Kuluwa ta ƙwala ihu. "Malam, ɗakin Inna ya turnuƙe! Ina girgiza ta, ba ta motsi!"

Ya faɗa ɗakin, ya kama tagar da ke kallon titi, sai ya tsaya. Ana fitowa daga masallaci.

"Kunyar mutane kake ji?" in ji Kuluwa. "Uwata ce fa!"

Ya bankaɗe tagar. Koren hayaƙi ya kwararo kan jama'a. Suka ciccibo tsohuwar zuwa ƙofar gida, Liman na yi mata fifita da hularsa. Babu wanda ya kalli Tanimu.

Inna ta yi tari, ta buɗe ido, ta daɗe tana duban hayaƙin.

"Ɗan nan, da ka ce min babu itace. Ai da bargona na zo."