Buhu a Hancin Tarakta

Bari in ba ka wani misali, ɗan'uwa, tun bai gudu daga kaina ba, don yanzu abubuwa kan zo mini su wuce kamar baƙin kasuwa. Zamanin da ƙafafuna ke da ƙarfin yawo na taɓa sauka wani gari a gabas. Sunansa ya kuɓuce mini, na dai tuna akwai wata babbar kuka a bakin filin idinsu. Mutanen garin sun haɗa kai sun sayi wata 'yar ƙaramar tarakta mai shan man gas, irin wadda ake hawa a yanke ciyawa, suka damƙa ta ga wani dattijo manomi. Shi wannan bawan Allah duk rayuwarsa da shanun huɗa ya yi aiki, kuma an san shi da tausayin dabba. Shi ya sa aka zaɓe shi. Ya kuwa riƙe taraktar yadda ya riƙe shanunsa: ya yi mata rumfa, yana goge ta da safe, har magana yakan yi mata.

Wata shekara Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar damina. Ciyawa ta taso a filin idi har gwiwa, harkiya da ƙarangiya sun yi 'ya'ya, kuma an ga kububuwa a ciki. Idan ba a yanke ba, babu inda jama'a za su shimfiɗa tabarma. Makaniken garin kuma ya riga ya tafi ƙauyensu yin salla. Ranar jajiberi dattijon ya hau tarakta da hantsi, ya fara aiki. Bai ci rabin filin ba sai allurar da ke nuna zafin injin ta hau ja, murfin injin ya yi zafin da hannu ba ya iya tsayawa a kai, ƙarar ma ta canza kamar mai haki. Ya kashe, ya tura ta gindin kuka, ya jira ta huce. Ya buɗe lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin, ya tarar da ruwa cike. Ya duba baƙin mai, yana nan daidai. Sai ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce rana ce. Ya tuna yadda yakan yi wa san huɗarsa idan rana ta buge shi, sai ya samo buhun algarara, ya jiƙa shi sharkaf, ya lulluɓe gaban taraktar da shi, ya ɗaure da igiya. Ya sake hawa. Wannan karon ko layi ɗaya bai kai ƙarshe ba allura ta koma ja. Ya ce buhu ɗaya ya yi kaɗan, ya ƙara na biyu.

Masu wucewa kowa da abin da ya gani. Wani ya ce man gas ɗin gauraye ne, wani ya ce bakin mutane ne, don an cika yabon taraktar. Ladanin garin ya tsaya da kekensa ya ce, "Sarkin Noma, gobe a kan tabarma za mu yi sujada ko a kan kububuwa?" Matarsa da ta kawo masa fura ta dubi buhunan ta ce, "Malam, saniyar taka mura take yi ne ka rufe ta haka?" Ya yi murmushi, ya ɗaga kai ya ga rana ta fara karkata.

Ya zauna a inuwa zai sha furar. Tun safe ya naɗe hancinsa da bakinsa da ƙyalle saboda ƙaiƙayin ciyawa, ƙyallen ya jiƙe da gumi ya manne. Da ya ja shi ƙasa, iska ta shiga ƙirjinsa, ya ji wani sanyi har cikin kansa. Ya daɗe riƙe da ƙwaryar bai kai ta baki ba, yana kallon taraktar da ya toshe wa fuska. Sai ya ajiye, ya tashi ya kwance igiya, ya yaye buhunan. Ya durƙusa ya leƙa ragar da ke gaban lagireto, wadda tun da aka kawo taraktar bai taɓa leƙawa ba. Ashe ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa sun like ta kamar an yaɓe ta da laka, ko allura ba ta samun hanya. Fanka tana ta juyawa a ciki, babu iskar da za ta ja. Ya ciro ragar ya kakkaɓe, ya zare tsinken tsintsiya ya bi ramukan lagireton a hankali, ya wanke da ruwan buta har ya fara hango haske ta cikinsu. Ya tayar da taraktar. Allura ta hau kaɗan ta tsaya a tsakiya, ba ta ƙara motsi ba.

Kafin a kira magariba filin ya kwanta lumui. Washegari ni ma a nan na yi salla, a sahu na baya, ƙanshin ɗanyar ciyawa yana tasowa ta ƙarƙashin buzuna. Ina jin dattijon ne ya ba ni cinyar rago a ranar, ko kuwa ladanin ne, na manta. Abin da ban manta ba shi ne, rana ta sha zargi a banza, man gas ya sha, bakin mutane ma ya sha, alhali dalilin yana nan a hancin taraktar, yana jiran wanda zai durƙusa ya duba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ruwa ba ya tsami banza.