Bututun da ke Rawa

Na gaji da gurnanin injin nan. Duk ƙuruciyata a gefensa ta ƙare, ina juya jinin mutanen da zuciyarsu ta gaza.

A bakin gado likita na yi wa matar majinyacin bayani, muryarsa duk ta dushe.

"Hajiya, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyarsa ce ta tsage, har jini ya daina isa ga zuciyar kanta. Mun ɗinke, amma ta galabaita. Injin ne ke tura jinin kafin ta farfaɗo."

"Likita, na riƙe hannunsa, ban ji bugu ba."

"Haka ne. Inji ba ya bugawa, kwarara yake yi."

Maganata ce wannan. Iyalai nawa na faɗa wa haka, hankalina na kan tashi aiki?

Sai na ji bututun da ke kai jini cikin injin ya fara rawa. Jinin da ke shiga injin ya ragu ke nan, ƙarin ruwa ake buƙata. Abokin aikina, wanda ni na koya wa aikin, yana zaune ya dafe kai, barci na fizgarsa.

Na yi ta yunƙurin kiransa, murya ta ƙi fita. Da ƙyar na motsa yatsa.

"Likita, ya motsa," in ji matar.

Abokin aikina ya zabura, ya buɗe ruwan. Ya sunkuyo daidai kunnena.

"Yi haƙuri, Malam. Na gani."

Bututun ya lafa. Na ji lafawarsa a cinyata, inda suka soka min shi. Matata ta ƙara damƙe hannuna.