Kwalba Mai Lamba 214

"Mun dace!" in ji Dakta, ta ɗago kai daga na'ura. Shekara shida tana fafutukar haɗa gwajin ciwon hanta a cikin ƙasa, yau jinin wata kwalba ya tabbatar da aikinta. A ƙa'idarsu ba a sa suna, sai lamba: 214.

"Mai jinin fa?" abokin aikinta ya tambaya.

"Allah sarki, ciwon ya ci ƙarfinsa. Da wuya ya ga baɗi."

Ta koma gida da murna, ta tarar da mahaifinta yana jiran ta.

"Uwata, ni ma na sa hannu a aikinki. A ɓoye na je na ba da jinina."

Ya zaro kati daga aljihu, yana murmushin alfahari.

214.