Dutsen Lorna

Arvid Solheim ya waiwaya, sai ga koren kwale-kwalen nan a bayansa kamar jela. Ya tofar da yawu a ruwa, ya zagi injinsa da bai yi masa laifin komai ba.

Tun da ƙanƙara ta narke aka buɗe kamun kifin bana, Toivo Maki bai bar shi ya sha iska ba. In Arvid ya yi sammako, Toivo na biye. In ya makara da gangan, sai ya tarar da shi a bakin tafki yana kurɓar kofi. Sa'o'in juna ne, makarantarsu ɗaya, amma gaisuwa kawai ke haɗa su. Toivo bai taɓa aure ba, kuma maganarsa sai an ciro da ƙugiya.

Mu nan arewacin Minnesota kana iya aron motar mutum, ka ari zartonsa ka manta ba ka mayar ba, duk za a yafe. Amma ba ka bin sa zuwa inda yake kama kifin wolai. Wannan sata ce, ko da babu alƙalin da zai saurare ta.

Wurin Arvid wani dogon dutse ne da ke kwance ƙarƙashin ruwa, gabas da tsibiri, ido ba ya ganinsa. A gindinsa wolai, kifin nan mai fararen idanu, ke taruwa. Matarsa Lorna ce ta nuna masa shi a shekarar aurensu. Da ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, dariya ta yi ta ce ya kula da sandarsa ta kamun kifi. Samari sun sha yi masa wayo ya faɗa, amsarsa ɗaya ce: wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

A hunturun da ya wuce aka binne Lorna. Gidan ya yi masa girma, kujerarta ta coci ta zama ta wata. Dutsen nan kaɗai ya rage wanda nasu ne su biyu, shi ne kuma wannan tsohon tuzuru yake son sa wa ƙafa.

Arvid ya rage wuta, ya soka tana a ƙugiya, ya saki igiya a baya da dalmar da ke nutsar da ita. Ya shiga jan ta a hankali a gefen dutsen, tafiyar hawainiya. Kansa ya ɗan sara, ya yi banza da shi. Bara ma jiri ya taɓa kayar da shi a cikin kwale-kwale, sai iska ce ta kai shi gaɓa. Lorna ta yi ta kuka, shi kuwa ya ce rashin karin kumallo ne. Rigar hana nutsewa da ta saya masa, matashin zama ya mayar da ita.

A ƙarshen dutsen akwai wata kwana. In ba ka karya hagu da wuri ba, ƙugiyarka ta tafi ke nan. Arvid ya sha asarar kaya kafin ya gane ta. Yana shirin karyawa ya saci kallon baya, sai ya ga Toivo har ya riga shi juya kan kwale-kwale.

Nan zuciya ta ciyo shi. Ashe har Toivo ya haddace wurin. Abin da ya fi ƙona rai, duk tsawon bin nan bai taɓa ganin sandar Toivo ta lanƙwasa ba, bai taɓa ganin ya ɗaga ragar kwasar kifi ba. Ga sata ga rashin iyawa.

Tura ta kai bango. Ya naɗe igiyarsa, ya murɗa wuta, ya zagayo ya ratsa ta bayan koren kwale-kwalen, daidai inda igiyoyin Toivo biyu ke jan ruwa. Babu cin mutuncin da ya kai wannan a tafki, kuma ya sani. Farfela ta kwashe igiyoyin ta nannaɗe, injin ya yi tari ya mutu.

Toivo ko gezau. Ya kashe nasa injin, ya bar iska ta matso da shi.

Arvid ya ɗago injin, ya sa wuƙa yana yanka yana huci. Igiyar farko ta fito da dalma a bakinta, babu ƙugiya. Ya ɗauka farfela ce ta tsinke ta. Ya warware ta biyu. Ita ma dalma ce zalla, an ƙulle ta tsaf, ba a taɓa ɗaura mata komai ba.

"Kai, tsohon banza," in ji Arvid. "Ɓarawon da ba ya ɗaukar kaya ne kai, ko hauka ce ta kama ka da tsufa?"

"Sa rigar nan da kake zaune a kai," in ji Toivo.

"Ubana ne kai? Me ka zo nema a wurina?"

"Ba na son kifinka. Kwanan Lorna na ƙarshe a asibiti ta aika na je. Ta ce mutumin nan ba ya jin magana, kada in bar shi ya hau ruwa shi kaɗai."

Arvid ya yi tsaye da wuƙa a hannu. Fushin bai tafi ba, wuri kawai ya sake.

"To ka ji daɗi. Da sunan gadi ka sace mini wuri. Har kwanar dutse ka iya, na gan ka."

Toivo ya ɗago ya dube shi.

"Arvid," ya ce, "wa kake tsammani ya nuna wa Lorna dutsen nan, kafin ta zaɓe ka?"